DARASI: Batir Mai Lamba 100, Awa Nawa Zai Ba Ka Wuta?

Darasinmu na wannan fitowa a kan batir ne, baƙin akwatin nan mai nauyi da yanzu ya sami wurin zama a kusan kowace rumfa ta kara. Kada wani ya ce ina ruwan mai shanu da batir. Yau rabin cinikinmu cikin waya yake. Ta waya ake tura hoton bijimi Legas kafin a taya, ta waya kuɗi ke shigowa, ta waya kake sanin inda tirelarka ta kwana. Wanda wayarsa ta mutu ranar Alhamis a Maigatari ya san abin da nake faɗi. Ga kuma masu ajiye allurar rigakafi a firigo, waɗanda tasu asarar ta fi ta kowa in wuta ta yanke.

A watan Agusta na 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke kuran ɗin da take ba Nijar, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. A tsakanin nan mutane da yawa suka sayi pano da batir a gaggauce, kuma tun daga lokacin ƙorafin da ake ji iri ɗaya ne: "Mai shago ya ce zai kwana yana ba ni wuta, ga shi kafin tsakar dare ya mutu." Akwai algus a kasuwar batir, wannan ba musu. Amma mafi yawan lokaci batirin bai yi ƙarya ba, lambar jikinsa ce ba a fahimta ba.

Duk wanda ya taɓa sayar wa mahauci sa ya san nauyi iri biyu ne. Sa mai kilo 300 a tsaye, in an yanka an fitar da fata da kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da za a rataye wajen kilo 150 ne, ko ya ɗan haura ko ya ɗan gaza. Mahaucin da ya yi lissafin ribarsa a kan 300 ya karye tun bai wasa wuƙa ba. To lambar da ke jikin batir nauyin tsaye ce. Abin da za mu koya yau shi ne yadda ake fitar da naman.

Karanta lambar

A jikin batir za ka ga an rubuta, misali, 12V 100Ah. Harafin V bolt ke nan, wato ƙarfin da ke tura wutar. Ah kuwa yawan wutar da aka tara ciki ne, amper sau awa. Su kuma kayan da za ka jona, fanka ne ko ƙwan fitila ko cajar waya, da W ake rubuta cinsu, wato wat. Don harshe ya zo ɗaya sai ka ninka biyun farko: 12 sau 100 ya ba ka 1,200. Ma'anarsa, a takarda, abu mai cin wat 1,200 zai yi awa 1, mai cin wat 100 zai yi awa 12. Nan lissafin mai shago yake tsayawa, mu kuwa daga nan namu yake farawa.

Kafin mu wuce, wata 'yar mas'ala da ke rikita mutane. In ka haɗa batir biyu yadda ake haɗa na tirela, kan wannan da gindin wancan, bolt ne ya ƙaru ya zama 24, Ah yana nan 100 ɗinsa. In kuma ka haɗa kai da kai, gindi da gindi, bolt yana nan 12, Ah ya zama 200. Ko ta wace hanya jimillar 2,400 ce. Saboda haka kada a gwada batura da Ah kaɗai, sai an ninka da bolt.

Ragi na farko: saurin ja

Wannan shi ne wanda mutane ba su sani ba, don haka zan ɗan daɗe a kansa. In ka duba da kyau, kusa da lambar ko a takardar batirin, za ka ga an sa C20 ko 20HR. Wato kamfani ya auna 100 ɗin nan ne da ja a hankali: amper 5 kacal, har awa 20, a ɗaki mai zafin digiri 25 ko kusa da haka, da sabon batir, har sai da ya sauka zuwa bolt 10.5. Da wannan sharaɗi ne ya ba da 100. In ka canza sharaɗin, lambar ma ta canza.

'Yan kora sun san wannan tun kaka da kakanni. Garken da aka bari yana tafiya yana kiwo zai yi kwanaki a burtali ya isa kasuwa da jikinsa. Wanda aka matsa wa da gudu don a cim ma ranar kasuwa, tun a rabin hanya wasu za su fara gurfana. Batirin dalma haka yake. Wani Bajamushe mai suna Peukert ya bayyana ƙa'idar abin tun 1897, kuma har yau da ita ake aiki. Ga yadda take fitowa a batir matsakaici mai 100Ah. In ka ja amper 5, awa 20. In ka ja amper 25, lissafin kai zai ce awa 4, amma abin da za ka samu bai cika awa 3 ba. In ka ja amper 50, maimakon awa 2 sai ka sami awa 1 da kwata ko makamancin haka. Dalili shi ne ruwan asid ɗin yana bukatar lokaci kafin ya ratsa cikin farantan dalma. In ja ya yi yawa, bayan farantin kawai ke aiki, cikinsa bai taɓu ba, bolt ya faɗi, inbata ta yi kuka ta kashe.

A nan ne wasu kamfanoni ke yin wayo ba tare da sun yi ƙarya ba. Sai su auna da awa 100, su rubuta C100 da ƙananan haruffa, lambar ta kumbura. Batirin da aka rubuta wa 120Ah a C100, in da C20 aka auna shi watakila 100 ne ko kusa. Akasin haka, wanda aka rubuta wa 100Ah a C10 ya fi mai 100Ah a C20 ƙarfi, don an gwada shi da ja mai nauyi ya kuma tsaya. In batura biyu suka zo da lamba ɗaya farashi daban, fara duba nan kafin ka ce mai tsadar ya zalunce ka.

Ragi na biyu: rabi naka, rabi na batir

Batirin dalma, ko mai ruwa ne ko rufaffe irin wanda ake kira jel, ba a shanye shi har ƙasa. In kana so ya yi maka shekaru, rabi kake sha ka bar rabi. Mai tatsar da ya hana maraƙi nono ya ci ribar yau, amma ya san abin da ya yi wa garkensa. Batirin da kullum ake ja har inbata ta kashe da kanta, da wuya ya ga damina biyu da ƙarfinsa. Ke nan 1,200 ɗinmu ta koma 600.

Batirin litiyom, musamman irin wanda aka rubuta wa LiFePO4, nasa hukuncin daban ne. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa, saurin ja bai cika rage shi ba, kuma nauyinsa bai kai rabin na dalma ba. Kuɗinsa ne ke korar mutane. A ganina wanda zai yi amfani da batir kowane dare, in yana da hali, litiyom ya fi masa sauƙi a ƙarshe. Sai dai jabunsa ya fi na dalma wuyar ganewa, don ba ka ganin abin da aka rufe ciki.

Ragi na uku: la'adar inbata

Inbata ita ce akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida mai bolt 220. Dillaliya ce, ba ta aiki kyauta. A cikin kowane 100 da ta karɓa daga batir, 85 zuwa 90 take miƙa wa kayanka, sauran ya tafi a zafi. Bugu da ƙari, muddin tana kunne tana ci, ko ba abin da aka jona. Ƙarama takan ci wat 10 zuwa 20, babba ta wuce haka. Wanda ya bar ta kunne dare da rana, ko wat 15 take ci, ya ba ta 360 a banza, fiye da rabin abin da ya halatta ya sha daga batir mai 100. In mun cire kashi 15 daga 600, saura 510.

Ita ma inbata tana da tata lambar mai ruɗi. Za ka ga 1000VA, ka ɗauka wat 1,000 ne. Ba haka ba ne, yawanci wat 600 zuwa 800 take ɗauka. Kuma wannan lamba nauyin da za ta iya ɗauka a lokaci guda take faɗi, ba ta da alaƙa da yawan awoyi. Sayen babbar inbata a kan ƙaramin batir bai ƙara maka ko minti ɗaya, sai ma ragi. Haka ƙaramin akwatin nan da ake sa wa kwamfuta a ofisoshi, mai 650VA: batirin cikinsa yawanci 12V 7Ah ne, an yi shi ne don ya ba ka 'yan mintoci ka adana aikinka ka kashe. Kada magatakardan wani reshe ya saye shi da niyyar ya yi yinin kasuwa da shi.

Mu gwada a rumfa

A ɗauka rumfar mai masauki ce daren kasuwa. Ƙwan fitila 4, kowane wat 10, ya zama 40. Fanka ta tsaye, 60. Wayoyin baƙi 5 a caji, a ba kowace 10, ya zama 50. Jimilla wat 150. Mai shago zai raba 1,200 da 150 ya ce maka awa 8, daga isha'i har kusan asuba. Mu kuwa 510 za mu raba da 150, ya ba mu awa 3 da minti 24. Ba mu gama ba. Wannan kaya yana jan kusan amper 15 daga batir, ninki uku na abin da aka auna shi da shi, don haka ragi na farko zai ci wajen kashi ɗaya cikin biyar. Abin da ya rage bai cika awa 3 ba. In ka matsa har inbata ta kashe da kanta za ka iya kai awa 5 da wani abu, amma ka ci rabin da ba naka ba.

Yanzu kashe fankar. Kaya ya koma wat 90, kuma batirin zai kai wajen awa 5 bai wuce rabinsa ba. Cire wayoyin ma, ka sa ƙwayayen fitila masu bolt 12 waɗanda ake jonawa kai tsaye ba inbata: wat 40, awa 15. Batir ɗaya ne fa, bai canza ba. Shi ya sa tambayar "awa nawa yake yi?" ba ta da amsa sai an ce da wane kaya.

Ga gajeriyar hanya ga wanda ba ya son dogon hisabi a tsakiyar kasuwa. Batirin dalma mai bolt 12 da inbata: ninka Ah sau 5, ka raba da wat ɗin kayanka. Na litiyom: ninka sau 9. In amsar ta fito ƙasa da awa 5 a na dalma, ƙara rage mata kaɗan saboda saurin ja. Kana iya juya lissafin kuma. Kana son wat 150 har awa 8? 150 sau 8 ya zama 1,200, raba da 5, ya ba ka 240Ah. Wato ko mai 200 bai ishe ka ba, balle mai 100. Gara ka san haka tun kuɗin na aljihunka.

Zafi da tsufa

Duk lissafin nan na sabon batir ne. Shekara na tafiya ƙarfi na raguwa, kuma a ƙasarmu zafi ne ke gaggauta abin. Ƙa'idar da masu ƙera rufaffen batirin dalma ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Mu kuwa a bazara inuwa ma takan haura 40, balle ɗakin kwano a rufe. Batirin da aka ce zai yi shekara 5 a Turai, kada ka yi mamaki in ya gaji a shekara 2 a Damagaram ko Marwa. A ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da bangon da rana ke duka. Mai ruwa a riƙa duba shi, in ya ja baya a ƙara masa tataccen ruwan nan na kwalba da ake sayarwa don batir. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid. Kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka a raba shi da garwashin shayi da masu taba.

Masu firigo

Yawancin allurar rigakafin dabbobi ana son ta zauna tsakanin digiri 2 da 8. In ta yi zafi ba ta canza kama, sai dai ƙarfinta ya tafi, ka yi wa garke kana ganin ka kare shi daga ciwon huhu alhali ruwa ka tsira masa. Firigo yana da halaye biyu. Lokacin da injinsa zai tashi yakan ja ninki da yawa na cinsa na yau da kullum, na ɗan daƙiƙoƙi, kuma ƙaramar inbata nan take faɗuwa. Sa'an nan ba kullum yake aiki ba, yana tashi yana hutawa, don haka wat ɗin jikinsa bai isa lissafi ba. Nemi inda aka rubuta cinsa na shekara da kWh. In an sa 220, raba da 365, wajen 600 ke nan a yini a ma'aunin da muke ta amfani da shi. A zafinmu ƙara rabin haka, ya zama 900. Batir mai 100 da ke ba da 510, ka ga dare ɗaya kawai zai ɗauka, in gari ya waye da hadari ko hazo shi ke nan. Mai wannan sana'a kada ya yi ƙasa da 200, kada ya haɗa firigon da fanka da talabijin a batir ɗaya, kuma ya cika gefensa da gorunan ruwan sanyi don su riƙe sanyin in wuta ta yanke.

Na aljihu

Fawa-bank da muke yawo da shi cikin tirela shi ma labarin ɗaya ne. An rubuta 20,000mAh, wayarka 5,000, ka ce caji 4. Amma 20,000 ɗin a bolt 3.7 na ƙwayoyin ciki aka auna, sai an ɗaga zuwa 5 kafin ya fita, wayar ta sake sauke shi, kowane juyi da la'adarsa. Caji 2 da rabi zuwa 3 shi ne gaskiya. Na ƙwarai mai 20,000 nauyinsa na kusa da rabin kilo. In an miƙo maka wani shafal kamar fankon ashana an rubuta 50,000, ka ce albarka.

Duba haƙori kafin ka taya

Ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa, to haka batir. Nemi kwanan watan da aka ƙera shi. Batirin dalma yana zubar da wuta ko yana ajiye, wanda ya shekara a shago ba caji tsoho ne ko ledarsa ba a ɓare ba. Sa'an nan ɗora shi a sikeli, don dalma ba ta ɓuya. Mai 12V 100Ah na kirki yana wajen kilo 28 zuwa 32, mai 200 kuma wajen 55 zuwa 65. Wanda aka rubuta wa 200 ya zo da kilo 35, fentin ne kawai 200. Na mota kuma a bar wa mota. Farantansa sirara ne, an yi shi don bugu ɗaya mai ƙarfi na tayar da inji, in aka mai da shi na kwana 'yan watanni zai yi.

Ƙaramar mitar nan ta masu gyaran rediyo ba ta da tsada, kowane reshe ya kamata ya mallaki ɗaya. Batirin dalma da ya huta 'yan awoyi, ba caji ba kaya, in ya nuna 12.7 cike yake, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Amma mita kaɗai tana iya ruɗinka, don gajiyayyen batir ma yakan nuna 12.7 da an cire shi daga caji. Gwajin gaskiya sai da kaya. Sami ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55, wanda jansa ya yi kusa da amper 5 ɗin da kamfani ya auna da shi. Cika batir mai 100, jona ƙwan a inda ba zai taɓa komai ba don yana zafi ƙwarai, bar shi awa 10. Cire, bari batirin ya huta awa 2, ka auna. In ka ga 12.1 ko sama, lambarsa gaskiya ce. In ƙwan ya dushe tun a awa 5, mai da wa mai shi. Wanda zai sayi na hannu ya sa wannan gwaji cikin sharaɗin ciniki tun kafin a yi sallama, a gaban shaida.

Sai maganar mayarwa. Abin da aka ɗiba da dare dole a zuba da rana, har da ɗan ƙari, don in ka sha 600 sai ka zuba wajen 700 kafin ya cika. Pano mai wat 100, a ranarmu mai kyau, abin da yake tarawa a yini wajen 400 ne, in ƙurar hunturu ta rufe shi ba a goge ba ya gaza haka. Ke nan pano ɗaya mai 100 bai cika batirin da aka sha rabinsa, balle ana cajin wayoyi a kansa da rana. Kullum sai ya kwana da bashin jiya, har ya mutu a ce jabu ne. Mai batir 100 ya nemi pano mai 200 ko biyu masu 100.

Mu masu kasuwar mako-mako muna da wata al'ada da ke kashe batir fiye da komai. A sha shi daren kasuwa, da safe a yi lodi, a kulle rumfa a bi tirela, sai wani mako a zo a nemi caji. Batirin dalma in ya zauna a sauke, wani farin gishiri ne ke kama farantansa, in ya yi kwanaki ya daskare caji ba ya narkar da shi, kuma duk inda ya kama ya fita daga lissafi har abada. Kafin ka bi hanya, ka tabbatar an cika shi a ranar, ko ka bar shi jone da pano da na'urar da ke tsai da caji in ya cika, inbata kuma a kashe. In ba ka da pano, bar wa yaron rumfa kuɗin caji, ka ce ya kai shi da safen nan, kada ya jira jajibirin kasuwa.